Ƙasar da Iska ta Kawo: Sauyin Yanayi na Zamanin Da da Asalin Gonakin Funtuwa da Malumfashi



Wanda duk ya bi hanyar mota daga Funtuwa, ya ratsa Bakori ya nufi Malumfashi a ƙarshen damina, ba ya bukatar a faɗa masa dalilin da ya sa ake ce wa wannan yanki rumbun Jihar Katsina. Dama da hagu masara ce da dawa da auduga da waken soya, iyakar ganin ido. In aka tambayi manomi asirin wannan albarka zai ce ruwa ne, kuma yana da gaskiya, domin Funtuwa takan sami kimanin milimita 1,000 na ruwan sama a shekara, alhali kuwa birnin Katsina da ƙyar yakan wuce 600. Amma fa ruwa rabin amsa ne. Sauran rabin yana ƙarƙashin ƙafarsa, watau ita kanta ƙasar da garmarsa ke huɗawa.

Makasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa ƙasar noman nan baƙuwa ce. Dutsen da ke ƙarƙashin wannan yanki tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena da Kwatarkwashi, kuma idan irinsa ya ruɓe tsakuwa da burji da jan yumɓu yake bayarwa. To, amma ƙasar saman gonakin Funtuwa lallausa ce, kamar garin da aka tankaɗe, ba ta da tsakuwa. Iska ce ta ɗauko ta daga arewa maso gabas ta shimfiɗa ta a nan, a zamanin wani fari wanda tarihin da aka rubuta bai san irinsa ba. Haka kuma shanu da geron da aka fara raya ƙasar Hausa da su, wani sauyin yanayin ne dabam ya turo su daga arewa.

Teku da ƙanƙara

Mai sauraro yana iya cewa, ina ruwan Funtuwa da teku? Garin ya fi gaɓar Ikko tudu da wajen mita 700, kuma tun da ɗan Adam ya fara taka ƙasa ruwan teku bai taɓa matsowa kusa da nan ba. An dai taɓa yin zamanin da wani hannu na teku ya ratsa Sahara ya malale ƙasar Sakkwato, har ma dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake yin siminti da shi, a ƙarƙashin wannan ruwa ya kwanta. Amma wannan magana ce ta wajen shekara miliyan 60, babu mutum a cikinta. Dangantakar Funtuwa da teku ta hanyar damina take. Iskar da ke kawo hadari daga Tekun Atlantika take tasowa, ta kudu maso yamma, saboda haka duk abin da ya sami teku sai ya taɓa gonar Malumfashi, ko da kuwa mai gonar bai taɓa ganin teku ba.

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce duniya tana tsakiyar abin da masana ke kira zamanin ƙanƙara. Ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai, a wasu wurare kaurinta ya kai kilomita 3. Ruwan da ya daskare haka daga teku ya fito, don haka teku ya sauka da kimanin mita 120. A lokacin nan ana iya tafiya da ƙafa daga Faransa zuwa Ingila, tsibirin Biyoko kuwa, wanda a da ake kira Fanando Po, yana manne da ƙasar Kamaru. Ban da saukar da ya yi, teku ya kuma yi sanyi, ruwan da ya yi sanyi kuwa ba ya ba da tururi sosai. Sai iskar damina ta yi rauni, ta kasa kaiwa inda ta saba kaiwa. Tafkin Cadi ya ƙafe, koguna da yawa suka tsaya, hamada ta gangaro kudu da kilomita 400 zuwa 500 daga inda bakinta yake a yau.

Shaidar wannan tana nan a fili, sai dai sabo ya hana a gan ta. A 1958 wani masanin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, A. T. Grove, ya buga bayanin abin da ya kira tsohuwar hamadar rairayi ta ƙasar Hausa. Da ya duba hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, sai ya ga jigayin arewacin Kano da Katsina da wajen Haɗejiya da Nguru a jere suke, layi layi, kuma duk sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, watau daidai yadda iskar hunturu ke kaɗawa. Waɗannan jigayi tuddan rairayi ne irin na tsakiyar Sahara, waɗanda daga baya ruwa ya daddale su, ciyawa ta riƙe su, mutane suka shuka gero da gyaɗa a bisansu. Tudun rairayi ba ya tafiya sai a inda ruwan shekara bai wuce milimita 150 ba. Ashe ke nan akwai lokacin da ruwan ƙasar Kano bai fi na Agadas a yau ba. Jiha guda ma daga irin wannan ƙasa ta samo sunanta.

To, ina Funtuwa da Malumfashi a cikin wannan hali? Suna bakin hamadar ne ta kudu, kuma a nan sa'arsu take. Wanda ya taɓa kallon mace tana shiƙar hatsi ya riga ya san yadda iska ke aiki: tsaba mai nauyi a gindinta take zuba, ƙaiƙayi kuwa sai ya yi gaba. Haka iskar wancan zamani ta yi da ƙasar da ta kwaso daga busasshen kwarin Cadi da gadon kogunan da suka ƙafe. Rairayi mai kaushi ya zube a wajen Daura da Kazaure da Katsina. Ƙura mai laushi ta tashi sama ta yi gaba, ta sauka a inda akwai sauran ciyawa da 'yan itatuwan da za su tare ta, watau Malumfashi da Funtuwa da Zariya. Masana ƙasar noma na Samaru sun daɗe da lura da wannan shimfiɗa, sa'an nan Grant McTainsh, wanda ya yi aikin auna ƙurar hunturu a Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya nuna cewa in an bi ta daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma ƙwayoyinta ƙara laushi suke yi, kamar dai yadda shiƙa ke rarrabe hatsi. Ba a fari guda aka gama shimfiɗa ta ba. An yi ta ƙara mata ne duk sa'ad da fari ya dawo, a cikin dubban shekaru masu yawa. Duk da haka kaurinta bai taka kara ya karya ba. A wasu wurare 'yan mitoci ne, a wasu kuwa bai kai mita ɗaya ba.

Alherin irin wannan ƙasa shi ne ta fi jigawa riƙe ruwa, ta kuma fi laka sauƙin huɗa. Auduga na son haka, masara ma haka. Saboda haka ba banza ba Turawan kamfanin auduga suka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo ya iso Funtuwa a ƙarshen shekarun 1920, kuma a 1975 aka zaɓi Funtuwa, tare da Gusau da Gombe, don fara shirin bunƙasa aikin gona na Bankin Duniya. Masu tsara waɗannan ayyuka lissafin ruwa da taki da kasuwa suka yi, amma jarin da suka dogara a kansa ƙurar wani tsohon fari ce.

Game da mutane, a wannan zamani na fari tsakiyar Sahara kusan babu kowa. Akwai mutane a Nijeriya tun kafin haka da nisa, kamar yadda manyan gaturan dutse da masu haƙar kuza suka tono a Mai Idon Toro, kusa da Jos, suka nuna. Amma da fari ya tsananta sai zama ya koma kudu da bakin manyan koguna. Ƙasusuwan mutum mafi daɗewa da aka samu a Afirka ta Yamma, waɗanda Thurstan Shaw ya tono a 1965 a kogon Iwo Eleru kusa da Akure, shekarunsu wajen 13,000 ne, kuma a can kudu suke.

Sa'ad da Sahara ta yi kore

Daga nan al'amari ya juya. Dalilin juyawar, cikin ikon Allah, yana ga yadda duniya ke kewaya rana. Duniya tana juyi ne tana ɗan layi, kamar katantanwar da yara ke murzawa in ta fara gajiya, kuma wannan layi yakan cika zagaye ɗaya a cikin kimanin shekara 21,000. Saboda shi ne, wajen shekara 11,000 da suka wuce, bazarar arewacin duniya ta faɗo daidai lokacin da duniya ta fi kusa da rana. Zafin bazara ya ƙaru, ƙasar Sahara ta yi zafi ƙwarai, iskar da ke bisanta ta tashi sama, sai iska mai laima daga teku ta kwararo don ta cike gurbin. A daidai wannan lokaci ƙanƙarar arewa tana narkewa, teku yana cika yana ɗumi, har ya raba Biyoko da Kamaru ya mai da shi tsibiri. Damina ta fara ƙarfi tun wajen shekara 14,700 da suka wuce, ta ɗan ja baya na shekara dubu da wani abu, sa'an nan daga shekara 11,700 da suka wuce ta kankama sosai.

Abin da ya biyo baya yana da wuyar gaskatawa ga wanda ya san Tafkin Cadi na yanzu. A shekarun 1960, lokacin da tafkin ke cike, faɗinsa murabba'in kilomita 25,000 ne. A wancan zamani kuwa ya kai wajen 350,000, watau fiye da sulusin faɗin Nijeriya, zurfinsa a arewa ya wuce mita 150, kuma in ya tumbatsa yakan malala ta Mayo Kebbi ya faɗa Binuwai, ya bi Neja har teku. Dogon tudun rairayin nan da ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi Gashuwa gaɓar wannan tafki ce. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, a ƙasar da yanzu take Jihar Yobe, ya ci karo da itace a zurfin mita 5. Da masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, suka tona, sai ga kwalekwale na maɗaci mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙe shi da kyau, baki da gindi a fiƙe. Awon kabon, watau hanyar da ake gane shekarun itace ko ƙashi ko gawayi ta yawan wani sinadari da ke raguwa a cikinsa a hankali, ya ba shi kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwa a Afirka da aka samu wanda ya girme shi. Wanda ya sassaƙa shi da gatarin dutse ba ɗan koyo ba ne, ya gaji sana'ar ne.

Amma wurin da ya fi ko'ina nuna yadda rayuwar jama'a ke bin ruwa shi ne Gobero, cikin hamadar Tenere ta Jamhuriyar Nijar, gabas da Agadas. A shekara ta 2000 Paul Sereno na Jami'ar Cikago, yana neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, ya faɗa kan wata tsohuwar maƙabarta a bakin wani ƙafaffen tafki, mai kabari wajen 200. Jama'a iri biyu ne ke kwance a wurin. Na farko sun zauna daga kimanin shekara ta 7700 zuwa ta 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Dogaye ne ƙarfafa, masunta da mafarauta, suna da masu na ƙashi masu ƙayoyi, kuma a jujinsu an sami ƙasusuwan giwan ruwa da dorina da kada. Sai kwatsam fari ya sauka, tafkin ya ƙafe, wurin ya zama kufai har shekara 1,000. Farkon wannan fari ya zo daidai da lokacin da wani ƙaton tafkin narkakkiyar ƙanƙara a Arewacin Amurka ya ɓalle ya zuba a Atlantika, ya sanyaya teku. Da ruwa ya dawo, wajen 5200, sai wasu mutane dabam suka zo, sirara, waɗanda suka san shanu, suka binne matattunsu a gefen na farko ba tare da sun tone su ba. A cikinsu akwai kabarin wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Su ma wajen shekara ta 2500 suka tashi, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake zama a Gobero.

Yaya kudancin Katsina yake a wannan zamani na ruwa? Ana gane tsire-tsiren zamanin da ta ƙurar furen da ta kwanta a cikin lakar tafkuna, domin kowace itaciya da irin tata. Binciken lakar Tafkin Tila a ƙasar Biu, wadda ba ta fi Funtuwa kudu da yawa ba, ya nuna cewa a lokacin nan ƙasar tana da daji mai duhu, irin wanda sai an gangara kudancin Kaduna ake ganinsa yanzu. Ke nan Funtuwa da Malumfashi ma daji ne, mai manyan itatuwa da ƙoramun da ba sa ƙafewa. A wannan zamani ne ƙurar da iska ta zuba ta zama ƙasar noma, domin saiwoyi sun ratsa ta, ganye ya ruɓe a kanta, gara da tana suka gauraya ta. Sai dai irin wannan daji bai dace da makiyayi ba, saboda ƙudan tsando da cutar sammore. Wannan shi ya sa a lokacin da shanu suka cika Sahara, har ana zana su a jikin duwatsun Azbin, kudu ta kasance a rufe gare su.

Saukowa kudu

Daga wajen shekara 5,500 da suka wuce layin duniya ya sake juyawa, damina ta fara ja da baya. Masana sun yi gardama a kan ko Sahara ta bushe ne farat ɗaya ko kuwa sannu a hankali. Lakar tekun da ke gaɓar Muritaniya ta nuna kamar abin ya zo da gaggawa, amma lakar Tafkin Yowa na arewacin Cadi, wadda aka buga bayaninta a 2008, ta nuna ciyawa ta yi ta ragewa ne a cikin dubban shekaru. Mafi kusa da hankali shi ne kowane wuri da yadda abin ya same shi, kuma arewa ta riga kudu bushewa. Ga wanda ke zaune a bakin tafki dai bambancin kaɗan ne: ranar da tafkinsa ya ƙafe ita ce ranar tashinsa.

Farin da ya rufe arewa shi ya buɗe kudu. Da daji ya yi sarari, ƙudan tsando ya ja baya, makiyaya suka samu hanyar gangarowa. Zanen shanu marasa tozo da ke jikin duwatsun Birnin Kudu alama ce ta irin shanun da suka riga farare masu tozo zuwa ƙasar nan. A Barno, da babban tafkin ya janye, mutane suka bi sabuwar ƙasar da ya bari, suka kafa ƙauyuka irin su Gajiganna wajen shekara ta 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, da shanunsu da awakinsu. Tare da wannan ƙaura gero ya zo. Gero asalinsa ciyawar bakin hamada ce, kuma mafi daɗewar geron shuka da aka tabbatar a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an yi masa lissafin wajen shekara 4,500. Wajen shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa har ya kai ƙasar Nok, kudu da Kaduna, inda aka same shi a ƙone cikin jujin mutanen da daga baya suka gina shahararrun mutum-mutumin yumɓu. Dawa kuwa daga gabashin Sudan ta taso, kuma ta iso yamma a makare. Duk wanda ya ja layi a taswira daga bakin hamada zuwa Nok zai ga cewa ƙasar Katsina da Zazzau a tsakani suke.

A nan ya kamata a taɓo wata tsohuwar muhawara ta Jami'ar Ahmadu Bello. A 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya kawo ra'ayin cewa kakannin Hausawa sun taɓa zama can arewa, cikin ƙasar da yanzu hamada ce, bushewarta ce ta matso da su kudu. A 1979 John Sutton ya saɓa masa, ya ce alamun harshe sun fi nuna cewa Hausa ta bazu ne daga gabas, daga wajen Haɗejiya da Daura da Kano, ta yi yamma, kuma ba da daɗewa can ba. Kowane daga cikinsu yana da hujja, amma ya kamata ɗalibi ya kiyaye abu guda: tukunya da gatari ba sa faɗin harshen mai su. Zuwan gero daga arewa bai tabbatar da zuwan Hausa daga arewa ba, domin iri yana iya wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da kowa ya yi ƙaura ba.

Abin da ya tabbata shi ne kudancin Katsina wuri ne mai jan mazauna. Tudu ne inda ruwa ke rabuwa uku. Kogin Sakkwato kusa da Funtuwa yake tasowa ya yi yamma. Ta kudu ruwa yana gangarawa kogin Kaduna. Ta gabashin Malumfashi kuwa yana bin kogin Calawa zuwa Haɗejiya, watau hanyar Cadi. Ga fadamu masu riƙe laima da rani, ga duwatsu masu ba da mafaka da tsaro, ga tama a cikin marmara, ga itacen gawayi. Kusa da nan, a yammacin Samaru, malaman Jami'ar Ahmadu Bello sun tono matoyan narkar da tama na cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya, a Dutsen Dala na Kano ma an sami wata ta ƙarni na 7. Daga baya garuruwa irin su Maska da Gozaki da Birnin Kogo suka tashi, waɗanda Dokta Yusufu Bala Usman ya nuna muhimmancinsu a littafinsa na tarihin Katsina na 1981, kuma auduga da saƙa suna cikin tushen arzikin wannan yanki tun kafin zuwan Turawa da nisa.

Sai dai rabon kudancin Katsina a aikin tonon kayan tarihi kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da Barno ko Nok ko Zariya. Tonon da ya yi suna a jihar, na Durɓi ta Kusheyi, wanda Palmer ya fara a 1907 aka sake a 1992, a arewa yake, kuma kaburburan manya ne na 'yan ƙarnukan baya. Masu tonon ɓoye kuwa ba su jira kowa ba. A shekarun 1990 mutum-mutumin yumɓu da aka haƙo daga ƙasashen Katsina da Sakkwato suka cika kasuwannin Turai, har a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan da ta gargaɗi jama'a kada su saya. Hasarar ta wuce ta kayan kansu. Abin da aka fizge daga raminsa ya rabu da gawayin da za a auna shekarunsa da shi, da ƙwayar hatsin da za ta faɗi abin da mai shi ke ci, da shimfiɗar ƙasar da za ta nuna ko zamaninsa na ruwa ne ko na fari. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana tono da fitar da irin waɗannan kaya ba da izini ba, amma doka ba ta tsare rami sai in hakimi da dagaci da malamin gona da ke wurin sun san darajar abin da ke cikinsa. Manomi da yawa ya tsinci gogaggen dutsen nan da ake kira gatarin aradu a gonarsa, ya ba mai magani, alhali kuwa gatari ne na mutanen da suka fara sare dajin wannan gona.

Ita ƙasar kanta ma tana da nata rauni, kuma daga asalinta ya fito. Da yake ƙwayoyinta kusan girmansu ɗaya ne, kuma yumɓun da zai ɗaure su kaɗan ne, ruɓaɓɓen ganye da saiwa ne ke riƙe ta. In aka yi ta noma ta shekara da shekaru ba hutu, aka kwashe kara da harawa, aka wadatu da takin zamani kaɗai, sai ruwan farko ya daddale fuskarta ta yi ɓawo, ruwa ya kasa shiga, ya bi kunya da hanyar shanu yana tafiya da ita. Har yanzu hunturu yana kawo ƙura, yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, watau busasshen gindin babban tafkin nan, kuma tana ɗan ƙara wa gonaki gishirin da shuka ke so. Amma abin da ke sauka a shekara bai kai kaurin milimita ɗaya ba, alhali mamakon dare guda a watan Agusta yana iya kwashe fiye da haka daga gonar da ke gangare. Farin 1973 da na 1984, duk da wahalar da suka jawo, sun wuce, ruwa ya dawo. Ƙasar da ta bi ƙorama ta tafi madatsar Mairuwa kuwa ba ta dawowa gona.

Ɗalibi ko ma'aikacin gona da ke son ganin wannan tarihi da idonsa ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. Ya tsaya a cikin kowane kwazazzabo ko kududdufin da aka haƙa don ginin ƙasa a wajen Bakori ko Kafur ko Ɗanja, ya dubi bangonsa. A sama zai ga lallausar ƙasa mara tsakuwa, wadda iska ta kawo. Sau da yawa a ƙarƙashinta zai ga wani siririn layi na tsakuwa, shi ne tsohuwar fuskar ƙasa kafin ƙura ta rufe ta. Ƙasa da wannan sai marmara ko ruɓaɓɓen dutse, inda garma ba ta da abin yi. Ya auna kaurin ta saman da sanda, ya rubuta da sunan wurin da kwanan wata; in ya ga tsingaro ko kashin maƙera ko gawayi a jikin bangon, ya auna zurfinsa, ya bar shi a inda yake, ya sanar da gidan tarihi na Katsina ko sashen binciken kayan tarihi na Zariya.